Yadda ake renon yara a OOTP Baseball, tun daga diraf har su hau babban kulob

Tambaya ɗaya ce take ta dawo min ta fuskoki daban-daban, wato yadda ake renon matasan 'yan wasa a Out of the Park Baseball (OOTP), gem ɗin da kake tafiyar da kulob ɗin baseball. Wani ya ce ya ɗauki yaro mai tauraro 5 a diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da kulob-kulob suke yi duk shekara, bayan kaka 3 ya duba ya ga ya koma tauraro 2. Wani ya ce yaransa sun tsufa a Double-A, ɗaya daga cikin ƙananan lig, babu wanda ya hau sama, wani kuma ya wayi gari a Disamba wani kulob ya ɗauke masa yaron da ya fi ji da shi bai ma san ta inda aka biyo ba. To 'yan uwa bari in jera muku abin yadda nake yinsa, bi da bi, don a wannan gem ɗin abin da ka fara yi kafin wani yana da tasiri sosai, wasu ƙofofin in suka rufe sai wata shekara.

Kayan aiki ba su da yawa. Out of the Park Baseball na kwamfuta ne, Windows ko Mac, ana samunsa a Steam, kuma ba ya neman babbar kwamfuta irin ta masu gem ɗin ƙwallon ƙafa na FC, laftof matsakaiciya ta isa. Sabo yana fitowa wajen watan Maris, in ka yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara farashin yana karyewa sosai. Ka nemi OOTP 25 ko wanda ya biyo bayansa don mataki na 8 sai da su. Sai littafi da biro, da gaske nake, za ka ga amfaninsu. Masu MLB The Show a PlayStation, mataki na 6 da na 9 da na 10 za su yi muku aiki, sai dai ku a can Triple-A da Double-A ne kawai suke buga wasa.

1. Gyara saiti kafin ka matsa ko kwana ɗaya

Shiga saitin manaja, wurin da ake raba aiki tsakaninka da mataimakinka. Gem ɗin yakan bar wa kwamfuta hawa da saukar yaran ƙananan lig, kai kuma ka karɓe wannan ka riƙe da kanka. In yaran sun yi maka yawa, to aƙalla ka zaɓi guda 15 zuwa 20 da ka fi sa rai a kansu ka kulle su ɗaya bayan ɗaya, akwai zaɓin da yake hana kwamfuta ɗaga yaro ko sauke shi. Sauran ka bar mata.

Ma'aunin maki ka sa shi 20 zuwa 80, shi ne wanda masu farautar 'yan wasa suke amfani da shi a Amurka, 50 matsakaicin ɗan babban lig ne, 60 ya fi matsakaici, 80 kuwa sai jefi-jefi.

Gargaɗi: akwai wani saiti Talent Change Randomness, yana zuwa a 100, da kuma saurin girma da saurin tsufa da suke a 1.000. Kada ka taɓa su a sabin ɗinka na farko, wato fayil ɗin wasan da ka fara ajiyewa. In ka taɓa ba za ka gane ko aikinka ne ya yi kyau ko saitin ne ya yi maka ba. Kuma ka riƙa ajiye kwafin sabin a wani wuri daban, wuta in ta ɗauke ana tsakiyar sim, wato lokacin da kwamfuta take buga wasannin da kanta, za ta iya lalata maka fayil na shekara da shekaru.

2. Raba kuɗi

A shafin kuɗi na Front Office za ka ga kasafin renon 'yan wasa, da na farauta, da na diraf, da na yaran ƙasashen waje. Na reno da na farauta kafin kaka ta fara ake gyara su, da zarar an shiga kaka shi kenan sun kulle. Shafin yana nuna maka matsakaicin abin da sauran kulob suke kashewa, ni dai ba na yarda na reno ya yi ƙasa da wannan matsakaicin, in ina sake gina kulob ma nakan wuce shi sosai. In mai kulob ya matse ka da kuɗi, gara ka saki tsohon RP, wato mai jifan da yake shigowa canji a cikin wasa, guda ɗaya mai cin miliyoyi ka zuba kuɗin a nan.

3. Sikawut da kociyoyi

Duk makin da kake gani a jikin ɗan wasa ra'ayin sikawut ɗinka ne, wato mai farauto maka 'yan wasa, ba gaskiyar da ke ɓoye cikin gem ba. Wannan shi ne abin da sababbi ba sa ganewa. Saboda haka mutum na farko da za ka kashe wa kuɗi shi ne shugaban farauta. Yana da maki 4, na babban lig, na ƙananan lig, na ƙasashen waje, da na 'yan makaranta masu shiga diraf. Mai son reno na ƙarshen nan biyu zai fi dubawa. Sannan ka duba halinsa, wanda ya karkata ga Tools yana yawan hango tauraro a jikin ɗanyen yaro, wani lokaci ya dace wani lokaci ya zubar maka da zaɓi, wanda ya karkata ga Ability kuma abin da yaro ya iya yanzu yake gani. In hannunka bai faɗa ba ka ɗauki na tsakiya.

Kociyoyi kuwa, kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya tara ƙwararru a babban kulob ya bar ƙananan da duk wanda ya samu. Ɗan shekara 31 mai albashin miliyoyi me koci zai ƙara masa? Yaran da suke buƙatar malami suna Rookie da Single-A da High-A, wato matakan ƙasa na ƙananan lig. Bi ƙungiyoyinka ɗaya bayan ɗaya ka duba kocin bugu da kocin jifa da manaja, albashin kocin ƙaramin lig ba wani abu ba ne in ka gwada da na 'yan wasa, to ka sallami masu rauni ka ɗauko masu kyau a farkon hutun kaka kafin wasu su kwashe. Kocin bugu yana da abin da ya fi mayar da hankali a kai, ko ƙarfi ko taɓa ƙwallo ko haƙuri, ka yi ƙoƙari ya dace da irin yaran da ka tara a wannan matakin. Kada ka manta da likitan kulob, wanda ya iya kare hannu shi nake fifitawa don raunin gwiwar hannu yana cinye wa mai jifa shekara guda ko fiye.

Gargaɗi: kwantiragin kociyoyin ƙananan lig yana ƙarewa shiru. Duba shi duk Satumba.

4. Koyi karanta yaro

Kowane maki kashi biyu ne, inda yake yanzu da inda ake zaton zai kai. Taurarin nan da suke saman shafi su ne suke yaudarar mutane, ka sauka ƙasa ka duba ɗaya-ɗaya. A mai bugu ina fara duba Contact (taɓa ƙwallo) da Avoid K's (kauce wa K, wato fitar da mai bugu da strike 3) da Eye (gane jifan da bai kamata a buga ba). Yaro mai Power 70 amma Avoid K's ɗinsa 30, yawanci zai yi ta ɓarin hom ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili, a Single-A, da ya haɗu da masu jifan Double-A sai ka ga ya ƙafe. A mai jifa akwai Stuff (zafin jifa) da Movement (lanƙwasar ƙwallo) da Control (saiti), sai Stamina (juriya), sai jerin irin jifan da ya iya. Wanda zai zama SP, wato mai jifan da ake fara wasa da shi, yana buƙatar jifa iri 3 masu kyau, mai iri 2 komai kyansa RP ne, ka lissafa shi a haka tun yanzu.

Ka duba tazarar da ke tsakanin makin yanzu da na gaba tare da shekarunsa. Ɗan 18 mai Control 25 da ake sa ran zai kai 55 yana da lokaci. Ɗan 23 mai wannan makin kuwa lokacinsa ya kusa ƙurewa, don a abin da nake gani daga shekara 25 zuwa 26 girma yana ja baya sosai.

Sai hali. Work Ethic (ƙwazon aiki) da Intelligence (basira) su biyun nan suna taɓa yadda yaro yake girma, in duka biyun suna ƙasa ni ba na kashe zaɓin farko a kansa ko da sikawut ya rantse. Haka lafiyar jiki, za ka ga an rubuta Durable ko Normal ko Fragile ko Wrecked. Mai jifa Fragile ɗan 18 caca ce.

Gargaɗi: a jikin rahoto akwai inda aka nuna ingancinsa, daga Very Low zuwa Very High. In yana ƙasa ka tura sikawut ya sake duba yaron kafin ka yanke hukunci. Kuma ka gwada ra'ayinsa da na OSA, wato rahoton gama-gari da kowane kulob yake gani, in sun yi hannun riga sosai ka tsaya ka duba alƙaluman wasan yaron.

5. Diraf da yaran ƙasashen waje

Diraf a Yuli ake yi, zagaye 20. Jerin yaran yana fitowa tun kafin ranar, kada ka jira ranar ta zo, ka ware guda 30 zuwa 40 ka sa a Shortlist ka tura a duba su. A zagayen farko-farko ɗauki wanda ya fi kowa kyau, kada ka ce ai ina da SS, wato mai tsaron tsakanin tasha ta 2 da ta 3, a babban kulob, yaron nan sai bayan shekara 3 zuwa 5 zai iso kuma ba ka san me zai faru kafin nan ba. In biyu suka yi kunnen doki ka ɗauki mai tsaron tsakiya, C (mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu) ko SS ko CF (mai tsaron tsakiyar bayan fili), saboda SS in bai yi ba zai koma 2B ko 3B, wato tsaron tasha ta 2 ko ta 3, amma 1B, mai tsaron tasha ta 1, in bugunsa bai yi ba babu inda za ka kai shi. Ɗan jami'a ya fi kusa da nuna, ɗan sakandare ya fi nisa amma samansa ya fi tsawo, ka gauraya. Daga zagaye na 10 zuwa ƙasa ina neman mai abu guda ɗaya da ya yi fice, gudu ko tsaro ko jifa ɗaya mai zafi, tare da Work Ethic mai kyau.

Gargaɗi: duba kuɗin da yaro yake nema kafin ka zaɓe shi. Wasu an rubuta sa hannunsu yana da wuya ƙwarai, in ka ɗauka ba ka da kuɗin zai koma makaranta.

Yaran waje kuma 15 ga Janairu ake buɗe kasuwarsu, yawanci 'yan shekara 16 daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela. Rahoto a kansu ba ya da tabbas ko kaɗan, kuma za su zauna a International Complex kafin su fara lig. Kada ka gaggauta fito da su.

6. Ajiye kowa a matakinsa, kuma ya buga

Nan ne aikin yake, in ka tsallake duk sauran ka riƙe wannan. Matakan daga ƙasa su ne Dominican Summer League da Rookie na Arizona ko Florida, sai Single-A, High-A, Double-A, Triple-A. Ɗan sakandare Rookie zai fara. Ɗan jami'a mai shekara 21 ko 22 ka kai shi Single-A ko High-A kai tsaye, ajiye shi cikin 'yan 18 ɓata masa shekara ne, zai yi ta dukansu alƙaluma su yi kyau kai kana murna alhali bai koyi komai ba.

Abin da nake nema shi ne matakin da yaro zai sha ɗan wuya amma ba zai nutse ba. Gem ɗin yana ba ka damar duba makin yaro gwargwadon wani lig, to ka sauya ma'aunin zuwa lig ɗin da kake son kai shi, in makinsa na yanzu ya faɗo wajen 45 zuwa 55 a can, wurinsa kenan. Akwai kuma kibiya kore da ja da suke nuna ya kamata a ɗaga ko a sauke, shawara ce, kada ka bi ta ido rufe.

Bayan ka ajiye shi sai ka tabbatar yana buga wasa, don manajan ƙaramin lig shi nasara yake nema, zai iya zaunar da yaronka ɗan 19 ya sa wani ɗan 27 da ba shi da gobe saboda makinsa na yau ya fi. Shiga shafin dabarun ɗan wasa ka tilasta a fara da shi a gurbin da kake so. Bayan sati 2 ka koma ka duba yawan PA ɗinsa, wato sau nawa ya fito bugu, in abokansa suna da 50 shi yana da 12 to wani abu bai zauna ba. Yaro ba ya girma a benci, ko a babban kulob ne, gara ya buga kullum a Triple-A da ya zauna yana kallo a sama. Kuma kada ka tara yara biyu masu kyau a gurbi ɗaya a ƙungiya ɗaya, in kana da C biyu ka raba su mataki daban ko da ɗayan zai ɗan jira.

Tsofaffin nan masu cike gurbi ma suna da amfani in ka zaɓe su da kyau. Ƙungiyar da take shan kashi kullum ran yaranta yana ɓaci, to ka sa mutum 1 ko 2 masu Leadership a kowane mataki, in ka samu wanda aka rubuta wa Captain ka riƙe shi, wanda aka rubuta wa Disruptive ko Unmotivated kuma ba shi da wani makin kirki ka sallame shi yau. Ka tabbatar kowace ƙungiya tana da isassun masu jifa, in suka yi kaɗan yaranka masu daraja ne za a yi ta aikawa a gajiye.

7. Hannun mai jifa da sauya gurbi

Ga yara 'yan ƙasa da 21 ina sa iyakar jifa a shafin dabaru, wajen 75 zuwa 85 a wasa, in ƙara kaɗan duk shekara. Wannan ra'ayina ne ba dokar gem ba. Duk yaron da yake da alamar jifa na 3 ka bar shi a SP ko da alƙalumansa ba su yi daɗi ba, mayar da shi RP abu ne na minti ɗaya a kowane lokaci, dawo da shi SP ne mai wuya.

Sauya gurbi kuma tun a ƙasa ake yi. Duba Range (faɗin wurin da yake iya tsarewa) da Arm (ƙarfin hannu) da Error (kauce wa kuskure) na yaro, in SS ne amma Range ɗinsa 45, ba zai tsare wurin a babban lig ba, mayar da shi 2B ko 3B tun yana High-A ya tara gogewa. Makin gurbi yana hawa ne da yawan wasan da ya buga a wurin, kuma wasannin share fage na Fabrairu da Maris lokaci ne mai kyau na wannan don kuskurensa ba zai ci ka da komai ba.

8. Development Lab

Wannan da OOTP 25 ya zo. A hutun kaka kana tura 'yan wasa kaɗan wani horo na musamman, ko koyon sabon jifa, ko ƙarin gudun ƙwallo, ko gyaran tsaro, kowane horo da nauyinsa. Gurbin kaɗan ne, don haka ina ba wa wanda abu ɗaya tak ya rage masa, misali mai jifa iri 2 da Stamina mai kyau da in ya samu na 3 zai zama SP.

Gargaɗi: sakamakon ba tabbas ba ne, yana iya fitowa babu canji, yana ma iya fitowa da koma baya. Horo mai tsanani a kan yaro mai ƙaramin Work Ethic asarar gurbi ce.

9. Duba wata-wata, ɗagawa da saukewa

Kada ka yi sim na kaka guda a tafi ɗaya. Tsaya farkon kowane wata, buɗe rahoton girman 'yan wasa, ka rubuta makin yaranka na gaba-gaba a littafin nan. Hawa ko saukar wata ɗaya ba komai ba ne, sikawut yana gyara ra'ayinsa ne kawai, amma in abu ya yi ta sauka wata 3 a jere to gaskiya ne.

Wajen alƙaluma ka duba OPS+ ko wRC+ masu auna kyan bugu ga mai bugu, ERA+ da FIP masu auna kyan jifa ga mai jifa, a masu alamar + ɗin 100 shi ne matsakaicin lig. Dalili kuwa wasu filayen suna kumbura alƙaluma, Albuquerque da Reno da Salt Lake suna kan tudu ƙwallo tana tashi, mai bugu zai yi kamar dodo a can mai jifa kuma ya yi kamar bai iya ba. Ina jira yaro ya kai PA 200 ko inin 50, wato zagayen wasa 50 ga mai jifa, kafin in yarda da abin da nake gani. In ya kai wRC+ 130 kuma K ɗinsa ba su yi yawa ba, ya hau. Mataki ɗaya-ɗaya, kuma tsallen High-A zuwa Double-A shi ne mai tace mutane, in ya yi wata guda yana fama a can ka ba shi lokaci, kada ka yi ta jansa sama da ƙasa.

10. Rajistar 40, Rule 5 da kwanakin aiki

Ga inda yaron ɗan'uwanmu ya ɓace a Disamba. Wanda ya sa hannu yana da shekara 18 ko ƙasa, bayan kaka 5 dole ka sa shi cikin rajistar mutum 40, wanda ya sa hannu yana 19 ko sama bayan kaka 4. In ba ka sa ba, a diraf ɗin Rule 5 kowane kulob zai iya ɗaukarsa a kan dala 100,000, da sharaɗin ya riƙe shi cikin mutum 26 na babban kulob kaka guda cur, in ya kasa ya yi maka tayin dawo da shi a kan dala 50,000. To duk Nuwamba ka tace jerin yaranka da waɗanda Rule 5 ya hau kansu. Ba kowa za ka kare ba, ɗan Single-A da wuya wani ya iya riƙe shi shekara guda a sama, amma RP mai zafi ko C mai tsaro a Double-A za a ɗauke.

Gargaɗi: kada kuma ka sa yaro a 40 tun lokaci bai yi ba. Daga ranar da ya shiga, shekaru 3 kawai kake da su na sauke shi ƙananan lig yadda kake so, in suka ƙare sai ya bi ta waivers, wato a fara tallata shi ga sauran kulob, inda kowa zai iya ɗauka kyauta.

Kwana 172 a babban kulob shi ne shekarar aiki ɗaya. Shekaru 3 na farko yana cin kusan mafi ƙarancin albashi, dala 760,000 a 2025, sai 3 na sasanta albashi, bayan 6 ya zama mai 'yancin kansa. Shi ya sa Chicago Cubs suka riƙe Kris Bryant a Triple-A har 17 ga Afrilu 2015, ya gama kakar da kwana 171, suka samu ƙarin shekara a kansa. A gem ma lissafin haka yake. In kana sake gini, jinkirin sati 2 zuwa 3 a Afrilu zai ba ka shekara guda. In kuwa kana neman kofi kuma yaron ya fi wanda yake gurbin, hau da shi ranar farko, wasa 2 da za ka rasa a Afrilu za su iya hana ka shiga wasannin neman kofi na Oktoba.

11. Wanda za ka sayar

Ba duk yaran za su iso ba ko ka yi komai daidai, saboda haka duk Yuli kafin a rufe kasuwar musaya ka buɗe littafinka ka ware mutum 3, wanda ya kai 24 makin yanzu bai motsa ba shekara guda, wanda wani ya tare masa gurbi na shekaru masu zuwa, da wanda sikawut ɗinka ya fara saukewa amma OSA har yanzu tana ganinsa da daraja. Na ukun nan shi ya fi kawo kaya, don sauran kulob ba da idon sikawut ɗinka suke kallonsa ba. Yi amfani da Shop Player ka ga tayin da zai zo, in babu na kirki ka haɗa biyu ka nemi yaro ɗaya ɗan 19 ko 20 a gurbin da ƙananan ƙungiyoyinka suka fi rauni, kuma ka tura a duba shi tukuna kafin ka danna amincewa.